An ba 'yata aikin bincike, ɗakin karatun makarantarsu kuma a kulle

Mma Zulai, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, abin ya tsaya mini a rai tun jiya. 'Yata tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare. Mako uku da suka wuce malamin Soshiyal ya ba su aiki, wai kowa ya rubuto tarihin unguwarsu: su wa suka fara zama, wace sana'a aka fi yi, wace matsala ta fi damun mutane. Shafi biyar, kuma a ƙarshe a faɗi inda aka samo bayanin. Yarinya ta je laburaren makaranta ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta koma washegari, haka. Ta tambaya aka ce mabuɗin yana hannun wata malama da ta tafi hutun haihuwa. Ranar da na kai mata kuɗin abinci ni ma na leƙa ta taga. Abin da idona ya gani shi ne karyayyun tebura an jibge, buhunan siminti biyu, da kwalaye kusan goma da ko salatif ɗin jikinsu ba a ɓare ba, ƙura ta rufe su.

Da ta rasa yadda za ta yi, na ba ta sidi 20 daga cinikin koko ta tafi kafe. Aka buga mata shafi shida a kan Kumasi, labarin Osei Tutu da Okomfo Anokye da kujerar zinariya. Ko sunan unguwarmu Aboabo babu a ciki. Ta zauna dare biyu tana kwafewa da hannunta, rubutu mai kyau wallahi. Jiya aka dawo mata da shi da jan biro, maki 3 cikin 20, an rubuta mata cewa kwafa ta yi. Ko tuwo ba ta ci ba ta kwanta. Ni a aji shida na tsaya, ban san yadda ake wannan binciken ba. Ina tambaya tsakani da Allah, laifin wa ne a nan?

Anti Barikisu, Sawaba:
Wa alaikumus salam Mma. Sannu. Ki rarrashe ta, ki ce mata ba ita kaɗai ba ce. Nawa biyu duk sun sha wannan.

Ticha Mumuni:
Mma Zulai, sannu da haƙuri. Ba a makarantar 'yarki nake ba, amma darasin da nake koyarwa ke nan shekara goma sha ɗaya, don haka bari in faɗi abin da ke ɓangarenmu. Wannan aikin ba malami ne ya ƙirƙiro shi don ya wahalar da yara ba. Yana cikin manhaja, kuma makin da yaro ya tara a makaranta shi ne kashi 30 na sakamakon BECE, jarrabawar kammala JHS, jarrabawar WAEC ta ɗauki kashi 70. Idan na ba wanda ya kwafo daga intanet maki mai yawa, na zalunci wanda ya zauna ya yi da kansa, kuma na koya wa yaron cewa haka ake yi. Saboda haka jan biron ban ga laifinsa ba.

Inda zan yarda da ke shi ne, bai kamata a ba yaro aiki a sake shi haka ba. Amma ki duba, ina da aji uku, kowanne ya haura yara sittin. Minti nawa zan ba kowane yaro? A duk makarantun gwamnati na firamare da JHS da na koyar, ban taɓa samun wadda aka turo mata ma'aikacin laburare na musamman ba. Malami ɗaya ake ɗora wa, a kan darussansa, ba ƙarin ko pesewa. Kuma shi ya sa hannu ya karɓi littattafan. Ranar da masu binciken kaya suka zo suka ƙirga aka ga babu guda ashirin, shi za a tsare. To wa zai bar ƙofa a buɗe? Kwaɗon da kika gani tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba.

Mma Zulai, Aboabo:
Ticha na ji ka, Allah ya saka. Amma littafin da aka kulle don kada ya ɓata, ai ga yaran ya riga ya ɓata.

Abdul Basit, KNUST:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni a ganina zamanin laburare na katako da ƙura ya wuce. Ina shekara ta uku a jami'a, sau nawa na shiga Prempeh II Library don ɗaukar littafi? Yawanci don wutar lantarki da shiru nake zuwa. Komai yana waya. Kuɗin da za a kashe a gyara ɗaki a sayi kanta, gara a saya wa yara data. Hukumar laburare ta ƙasa ma tana da manhajar waya da ake karanta littattafai a ciki. Ƙanwarmu ba ta iya nema ba ne kawai, da ni ta samu da minti goma ya ishe mu.

Shamsu mai kafe:
Basit, to nemo mana. Rubuta tarihin Aboabo a Google ka kawo mana shafi biyar, ina jira.

Ni ne nake zaune da yaran nan kullum, ban sani ba ko ma a shagona 'yar Mma ta zo. Da an tashi makaranta za su cika mini shago, su takwas, su goma, kowa da 'yar takarda a hannu. Abin da suke cewa ɗaya ne, Bra Shamsu buga mana wannan. Ba su karanta abin da ya fito a allon kwamfuta ba, ni ma ba ni da lokacin karantawa, ga masu fotokofi suna jira, ga masu duba sakamako. Na farkon da ya fito shi nake bugawa. Akwai ranar da yara bakwai 'yan aji ɗaya suka tafi da shafi iri ɗaya sak. Na san ba daidai ba ne, yana damuna, domin ni ma ina da 'ya'ya. Amma ni ba malami ba ne, kuɗin wuta da na tawada nake nema.

Abdul Basit, KNUST:
Yaya Shamsu na gwada, kuma gaskiyarka. Abin da ya fito yawanci labaran ambaliya ne da na shara a rafin Aboabo, sai na siyasa lokacin zaɓe. Na tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na AI wa ya kafa unguwar, ta ba ni suna da shekara kamar ta sani. Na sake tambaya da wasu kalmomi, ta ba ni wani suna daban. Amma har yanzu ina kan bakana a darussan kimiyya da lissafi, waya ta fi tsohon littafi.

Madam Rukayya, Tafo:
Salamu alaikum. Sai yanzu na sauka daga aiki na karanta duka. Na yi shekara tara ina riƙe da laburaren wata makarantar sakandare, aikin da na karanta ke nan, don haka ku ba ni dama in yi bayani a tsanake.

Mma Zulai, da 'yarki ta shigo wurina da wannan takardar, ba littafi zan fara miƙa mata ba. Zama za mu yi in tambaye ta, a cikin tarihin Aboabo wane abu ɗaya kike son sani? Domin tarihin unguwa gaba ɗaya ya fi ƙarfin yarinya 'yar shekara goma sha uku, ko mai digiri sai ya yi gumi. Amma idan ta ce, ina son in san yadda aka fara masallacin layinmu, ko me ya sa rafin nan yake cika gidaje duk damina, ko daga ina kakannin mutanen gidanmu suka zo, to aiki ya zama wanda za ta iya. Yawancin kwafe-kwafen da yara ke yi daga nan yake farawa. An ba su tambaya mai faɗi kamar teku, sai su kama duk abin da ya taso.

Bayan nan sai in nuna mata cewa bayani ba a wuri ɗaya yake ba. Wani yana littafi. A laburaren da aka jera bisa tsarin Dewey, tarihi da labarin ƙasa suna lamba 900, tarihin Gana kuma yana 966.7, yaro ya riƙe wannan lambar kawai zai iya shiga kowane irin wannan laburare ya nufi kantar da kansa. Wani bayanin yana takardun hukuma. An yi ƙidayar jama'a a 2021, aka samu mutum miliyan 30.8 a ƙasar, kuma hukumar ƙididdiga ta fitar da alƙaluman gunduma gunduma, kyauta a shafinta. A nan Basit yana da gaskiya, waya tana da amfani, amma sai yaro ya san cewa Aboabo a ƙarƙashin gundumar Asokore Mampong zai neme ta, wadda aka cire daga KMA, hukumar birnin Kumasi, a 2012. Wanda bai san wannan ba zai yi ta neman Aboabo a ƙarƙashin Kumasi har data ta ƙare. Wani bayanin kuma ba ya ko'ina sai a bakin mutane, kuma a aiki irin wannan shi ne mafi tsada.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne duba shekara. Ina buɗe wa yaro bayan shafin farko in ce karanta mini shekarar da aka buga. Akwai wata yarinya da ta kawo mini taswirar da ta zana da kala mai kyau, yankuna goma, har da Brong Ahafo. Daga atlas ɗin kantarmu ta ɗauka. Ba ta san cewa bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018 yankuna sun zama 16 ba, Brong Ahafo ta rabu uku, Bono da Bono ta Gabas da Ahafo. Ba laifinta ba ne, littafin ne ya tsufa, kuma ni ce ban cire shi ba. Tun ranar nake manna 'yar takarda a bangon irin waɗannan littattafai in rubuta abin da ya canza. Haka littafin da aka buga kafin 2007, duk farashin da ke ciki da tsohon sidi ne, dubu goma na da shi ne sidi ɗaya na yanzu.

Sai maganar kwafa. Dabarar da nake koya musu ba ta da wuya. Ka karanta sakin layi ɗaya, ka kife littafin, ka faɗa wa na kusa da kai abin da ka fahimta, da Hausa ko da Tonanci, duk wanda ya zo bakinka. Bayan nan ka rubuta da Turancinka, ko da ya karye. A ƙasan shafin ka sa sunan marubuci, sunan littafi, shekara da lambar shafi. Idan mutum ne ya faɗa maka, ka sa wane ne, a ina, wace rana. Yaron da ya yi wannan sau uku ba ya komawa kwafa, domin ya ɗanɗana daɗin abin da ya fito daga kansa.

Duk wannan bai fi rabin awa ba, kuma ana iya yi wa aji guda a lokaci ɗaya. Shi ne aikin laburare. Ɗakin da littattafan kayan aiki ne kawai. Abin da aka hana 'yar Mma ba kwalayen nan ba ne, mutumin da zai zauna da ita ne.

Malam Hudu, Asawase:
Madam, Allah ya ƙara basira. Ina karanta bayaninki ina jin kamar a zaure nake. Wannan da kike kira faɗin inda aka samo bayani, ai shi ne isnadi. Malamanmu ba sa karɓar magana sai sun ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi mai faɗin amintacce ne ko mai mantuwa. Yaran nan duk Asabar da Lahadi suna gabanmu muna karanta musu hadisi da an karɓo daga wane. Ban taɓa tunanin in ce musu wannan ladabin ya shafi aikin bokonsu ba. In Allah ya yarda wannan makon zan faɗa musu.

Alhaji Ɗanladi, Alabar:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Zulai, 'yata, ki daina kuka a kan sidi 20. Tarihin da aka aiki yarinyar nan ta nemo yana zaune a kan benci a ƙofar gidaje, yana jan carbi. Kakana fatauci ya kawo shi daga Kano, goro yake saye. A bakinsa na ji yadda ayari ke tafiya wata da watanni da jakuna zuwa Gwanja, da yadda kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin 1892 mutane suka bazu, wasu Karachi (Kete Krachi), wasu Kintampo, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Ni kuma da idona na ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Ina saurayi. Na ga maƙwabtanmu da aka haife su a nan suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai ya kawo ba, na ɗora wa abokina akwati a kan babbar mota, ban sake ganinsa ba har yau. Gidaje da yawa a zangon nan a lokacin suka canza hannu. Wane littafin makaranta ne ya rubuta wannan da sunan layinmu?

Shekarata saba'in da biyar. Ba yaron makaranta ko ɗaya da ya taɓa zuwa da takarda da biro ya ce Baba ba ni labari. Akwai adakar mahaifina a ɗaki, cike da wasiƙu da lissafin goro da ajami. Bara na buɗe na tarar gara ta cinye kusan rabi. Na zauna na yi hawaye ni kaɗai. Ki turo mini ita.

Anti Barikisu, Sawaba:
Allahu akbar. Baba Alhaji ka sa jikina ya yi sanyi. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Madam Rukayya, Tafo:
Baba, don Allah kada a sake buɗe adakar nan a wuri mai laima, kuma kada a sa wa takardun salatif ko a yi musu laminetin. A ɗauki hoton kowace da waya a hasken rana, a ajiye su a kwance tsakanin farar takarda. A Jami'ar Gana da ke Legon, Cibiyar Nazarin Afirka tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara daga garuruwan ƙasar nan tun shekarun 1960, har da na Alhaji Umaru na Karachi wanda ya rasu a 1934. Irin abin da ke ɗakinka masana suke tafiya mai nisa su nema.

Hajiya Fati, Hambug:
Salam 'yan uwa, ina bin ku daga Jamus. Abin ya taɓa ni, a Aboabo aka yanke cibiyata. A nan laburaren unguwa kan fitar da littattafan da suka daina amfani da su, kuma ina da 'yan uwa a Ingila da za su tara na Turanci. Zan iya cika kwali ashirin in saka a kwantenar da muke turowa ƙarshen shekara. Ku ba ni sunan wanda zai karɓa.

Madam Rukayya, Tafo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, niyyarki mai kyau ce. Amma ina roƙonki kada ki turo. Ina kyautata zaton kwalayen da Mma ta hango ta taga irin wannan kyautar ce. Na taɓa buɗe irinsu guda goma sha huɗu. Na samu littattafan koyon kwamfuta na zamanin da ba a yi waɗannan yaran ba, da na dokokin harajin wata ƙasa, da labaran soyayya na manya. Abin da ya dace da ɗalibanmu bai cika kwali ɗaya ba, sauran suka cinye mana wuri, kuma ba mai ikon zubarwa tunda an rubuta su a rajista. Kuɗin da za ki biya na jigila da na fito da kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema, da za ki turo shi ta momo, wato ta waya, a Adum za a sayi ƙamus biyar, atlas na yanzu, da littattafan da aka rubuta a Gana a kan manhajar da ake koyarwa yau.

Hajiya Fati, Hambug:
To Madam. Gaskiya maganar ta ɗan yi mini zafi, domin sau biyu ina turo irin wannan wata makaranta, da kuɗin gumina, ina wanke-wanke a gidan tsofaffi. Ba wanda ya taɓa ce mini ba su da amfani, hoto kawai ake turo mini ana godiya. Kuma ba zan ɓoye ba, kuɗi ina tsoron turowa. Littafi ko ba a karanta ba ina ganinsa a hoto. Kuɗi fa?

Anti Barikisu, Sawaba:
Hajiya tsoronki yana kan hanya. Na riƙe kuɗin PTA shekara huɗu, na san yadda ake fara abu da zafi a watsar. Shawarata kada a tara ko sisi yanzu. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, a buɗe ƙofar tukuna. Kuma kada mu je wa shugabar makaranta da faɗa, a bi ta kan SMC, kwamitin da ke kula da makarantar, domin da iyaye da asambilman duk suna ciki. Idan an buɗe an ga abin da ke akwai, Madam ta rubuta abin da ya rage, sai a saya a turo miki rasit da hoton kowane littafi da hatimin makaranta a jikinsa. In abin ya girma har ya kai ga gyaran rufi da kanta, akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, ilimi yana cikin abin da aka ce zai yi, sai a rubuta musu.

Ticha Mumuni:
Duk na yarda, amma ku amsa mini tambaya ɗaya, wa zai zauna a ciki? Idan an share an jera aka mayar wa malami mai aji uku mabuɗi, wata biyu kwaɗon zai dawo. Ni abin da na ga ya yi aiki a wata makaranta shi ne shugaba ya nemi a turo masa ɗan bautar ƙasa, aka ba shi laburare ya zama aikinsa. Shekara ɗaya yara suna shiga. Da ya gama ya tafi, ba a turo wani ba, aka koma gidan jiya.

Madam Rukayya, Tafo:
Shi ya sa ba a barin abin a hannun mutum ɗaya, Ticha. Ina zaɓar yara shida daga aji biyu in koya musu rajistar aro da mayar da littafi kanta, kafin su kai aji uku sun koya wa na bayansu. Kuma a cire wa malami tsoron biyan abin da ya ɓata, SMC ta rubuta a takarda cewa littafin da ya yage a hannun yara ba bashi ba ne a kan kowa. Sannan ku malamai, kafin ku ba da aikin bincike, ku leƙa ku ga ko akwai abin da yaro zai samu. Da malamin 'yar Mma ya faɗa wa mai laburare mako ɗaya kafin nan, da an ware musu 'yan littattafai a tebur ɗaya, an rubuta sunayen dattawa biyar da suka yarda a yi musu tambaya.

Ticha Mumuni:
Wannan ta ƙarshen ta same ni. Ni ma ban taɓa leƙawa ba kafin in ba da aiki.

Abdul Basit, KNUST:
Kafin a gyara na makaranta, me zai hana a kai su laburaren yanki da ke Cultural Centre? Yana nan kusa da Kejetia, mota ɗaya ce. A harabar ma akwai gidan tarihi na Prempeh II, su ga kayan da idonsu. Ni da abokaina biyu za mu iya raka yara goma ranar Asabar da safe, mu nuna musu yadda ake nema a kanta da kuma a waya.

Malam Hudu, Asawase:
Ɗana Basit, Asabar da safe suna makaranta wurinmu. Kwana biyar boko ta ɗauka, biyun nan su ne namu, kada a taɓa. Kuma 'yan mata masu tasowa ba za a sake su da samari su ratsa Kejetia ba, ko da samarin na kirki ne kamar ku. A sa bayan azahar, kuma uwa ɗaya ko biyu su bi su.

Abdul Basit, KNUST:
Na karɓa Malam. Zan je in tambayo lokacin da suke rufewa ranar Asabar da abin da ake buƙata don yi wa yaro rajista, in ya so a tsayar da rana. In bai yiwu ba sai a bari sai an yi hutu.

Shamsu mai kafe:
Ni kuma ga nawa. Madam ki rubuto mini tambayoyin nan da kike yi wa yara, gajeru, in buga da manyan baƙaƙe in manna a saman kwamfuta. Duk yaron da ya zo da aikin makaranta sai ya karanta abin da ya fito ya nuna mini sakin layin da yake so kafin in buga. Zan yi asarar 'yan shafuka, ba komai.

Hajiya Fati, Hambug:
Barikisu, idan ke za ki riƙe, zan turo na ƙamus da atlas. Amma kwali biyu na littattafan yara masu hotuna da na riga na tara fa? Su ma a bar su?

Madam Rukayya, Tafo:
Ki ɗauki hoton bangonsu ki turo mini Hajiya, mu zaɓa tare. Na ƙananan yara masu hotuna sukan yi amfani sosai a firamare.

Mma Zulai, Aboabo:
Jama'a na dawo da labari. Yau da safe bayan na sauke tukunya, ni da Anti Barikisu muka je. Shugabar ta karɓe mu da mutunci, ta ce ita ma abin yana damunta, simintin na gyaran bayan gida ne da kuɗinsa bai gama fitowa ba. Ta aika aka karɓo mabuɗin daga gidan malamar. Da aka buɗe, ƙura ta sa mu tari. Mun ɓare kwali uku. Biyu irin waɗanda Madam ta faɗa ne, har da wani mai hoton dusar ƙanƙara a bango da ba mu gane kansa ba. Na ukun kuwa littattafan karatu ne sababbi fil na Gana, da tambarin gwamnati, ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Shugabar ta riƙe baki.

Malamin Soshiyal ma ya zo. Yaro ne matashi, bai yi girman kai ba. Ya ce ba 'yata kaɗai ba, kusan duk ajin haka suka yi, kuma ya ba su mako biyu su sake. Na karanta wa 'yata saƙon Madam da na Baba Alhaji. Ta ce ita abin da take son sani shi ne abin da ya faru a layinmu a 1969, domin kakarta takan ambaci wata ƙawarta da aka tafi da ita Najeriya, in ta fara sai ta yi shiru. Ta rubuta tambaya bakwai a bayan littafinta, ta goge biyu.

Maganar wanda zai riƙe mabuɗi ba a gama ba, an ce sai SMC ta zauna. Shara kuma Lahadi bayan la'asar, mai zuwa ya zo da tsintsiya da tsumma da abin rufe hanci. Baba Alhaji, yaushe za ta zo?

Alhaji Ɗanladi, Alabar:
Alhamis bayan la'asar, ina ƙofar gida. Ta zo da biro biyu. In kakarta za ta iya takowa a zo da ita, domin sunan mai gidan da ke kallon famfo, wanda ya fara sayarwa ya tafi, ya kwanta mini, ita za ta tuna.